Waiwaye: Yadda MRI ta kai ga hoton zuciya

Zuciya ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto, shi ya sa ta zo a baya wajen cin moriyar MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki. Tun 1973 Paul Lauterbur ya nuna za a iya haɗa hoto da maganaɗisu da igiyar rediyo, Peter Mansfield na Ingila kuma ya samo hanyar hanzarta ɗaukar. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 2003. Ƙwaƙwalwa da laka ne suka fara cin moriya, hoton zuciya kuwa dishi-dishi yake fitowa, ga bugu ga numfashi.

A farkon shekarun 1980 aka fara manna wayoyin ECG, masu bin sawun bugun zuciya, a ƙirji, na'ura ta riƙa ɗibar hoto daidai da kowane bugu tana harhaɗawa. Har yau haka ake yi, majiyyaci na riƙe numfashi daƙiƙa 10 zuwa 15 a kai a kai. Wanda bugunsa ba shi da tsari, ko haki ba ya barinsa ya kwanta rigingine, hotonsa kan lalace.

Allurar gadolinium, sinadarin da ke ƙara fito da hoto, ta shigo a 1988, amma sai a 1999 zuwa 2000 Raymond Kim da Robert Judd suka fito da ainihin amfaninta ga zuciya. Sinadarin ba ya shiga lafiyayyen ƙwayar tsoka, a tabo yake maƙalewa. Ana yin allurar daidai da nauyin majiyyaci, a jira minti 10 zuwa 15, sai tabo ya fito fari tas, tsoka mai rai baƙa. In tabon ya ci fiye da rabin kaurin bangon zuciya, da wuya wurin ya farfaɗo ko an buɗe jijiyar da ta toshe. Mazauninsa ma shaida ne: na toshewar jijiya daga ciki yake farawa, na kumburin tsoka kuwa a tsakiya ko ta waje. A ganinmu nan ne MRI ta sha gaban hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da igiyar sauti.

A 2006 aka danganta gadolinium da wata cuta mai sandarar da fata ga masu ciwon ƙoda mai tsanani, don haka ake duba ƙoda tukuna. Masu batirin zuciya, wato na'urar daidaita bugu da ake dasawa a ƙirji, sun daɗe ana hana su shiga MRI, sai a 2011 Amurka ta amince da na farko da aka ƙera don shiga na'urar. Wanda za a yi wa gwajin adenosine kuma, wato maganin da ke buɗe jijiyoyin zuciya don a gano inda ya toshe, ana hana shi kofi, shayi da goro na awa 24, domin sinadarin caffeine da ke cikinsu na dakushe maganin, toshewar ta ɓuya.