Tambayoyi a kan kurege mai shawagi na kurmin Gana

Shin jemage ne?

A'a. Dangin ɓera ne, mai haƙoran gwaguya, kuma na gaji da maimaita wannan amsa.

To yaya yake tashi sama?

Ba ya tashi. Wata fata ce ta haɗe ƙafafunsa na gaba da na baya, guringuntsin da ya fito daga gwiwar hannunsa yana ɗame ta, sai ya diro daga ƙololuwar bishiya ya yi shawagi zuwa wata. A ƙarƙashin gindin wutsiyarsa akwai ɓawo mai kaifi jeri biyu, da shi yake tokare jikin itace idan ya sauka.

Me ya sa ba ma ganinsa a unguwannin Kumasi irin su Aboabo ko Asawase?

Wane kurmi ne a Aboabo? Dabbar tana bukatar tsofaffin bishiyoyi masu kogo, inda take wuni tana barci, da dare ta fito cin ɓawon itace da ganye da 'ya'yan itatuwa. Mafi girma cikin ire-iren wannan kurege, baƙi mai farin gefe, yana ɗauke da sunan Hendrik Pel, jami'in Holan da ya yi aiki a garin Elmina na bakin tekun Gana, kuma a Gana da Kwaddibuwa da Laberiya ake samunsa.

Leburorina sun kayar da bishiya a gonar koko, sun tarar da ɗansa a kogo. In kawo shi gida?

Malam, ban ba ka wannan shawara ba, ko da yake lamarin ya danganta. Idan ba shi da rauni, kuma akwai wata bishiya mai kogo a kusa, gara a ajiye shi can kafin magariba, wataƙila uwar ta dawo, wataƙila kuma ba za ta dawo ba. Idan ya ji ciwo ko jikinsa ya yi sanyi, a naɗe shi da tsumma cikin kwali mai duhu, kada a ɗura masa madarar gwangwani ko kunu, domin yana iya shaƙewa, sannan a nemi ma'aikatan kula da namun daji ko gidan zu na Kumasi da ke kusa da kasuwar Kejetia. Ajiye naman daji a gida yana bukatar izinin hukuma, kuma ko da izinin, ina za ka samo masa ɗanyen ɓawon itatuwan kurmi kullum dare? Don Allah a hana yara wasa da shi, yana cizo.

Maye ne yake rikiɗa ya zama shi?

Haba dai. Ku kwantar da hankalinku, abinci kawai ya fito nema.