George Orwell Bai Yaƙi Gurguzu Don Kare Jari-Hujja Ba

Mutane da yawa da suka karanta Animal Farm, ko fassararsa ta Hausa, Gandun Dabbobi, suna ɗauka Orwell maƙiyin gurguzu ne mai goyon bayan 'yan jari-hujja. Wannan fahimta ta daɗe tana yawo, kuma tana ba ni takaici, domin ta juya mutumin baibai.

Sunansa na yanka Eric Arthur Blair, an haife shi a Indiya a 1903. Ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Burma, ya ajiye aikin yana ƙyamar abin da idonsa ya gani. A ƙarshen 1936 ya tafi Sifaniya ya ɗauki bindiga tare da mayaƙan ƙungiyar ma'aikata ta POUM don yaƙar Janar Franco, jagoran sojojin da suka yi wa gwamnatin ƙasar tawaye, har harsashi ya same shi a maƙogwaro a 1937. A can ne ya ga magoya bayan Stalin, shugaban Tarayyar Soviet na lokacin, suna farautar 'yan'uwansu na gwagwarmaya, shi ma da kyar ya tsere.

Daga wannan ciwo littafin ya fito a 1945. Aladen labarin hoton shugabannin da suka ci amanar juyin juya hali ne, kuma tausayin marubucin yana wajen dabbobin da aka yaudara. A 1946 ya rubuta da kansa cewa tun 1936 alƙalaminsa yana yaƙar mulkin danniya ne, yana kuma kare gurguzu na dimokuraɗiyya.

Ruɗanin ya ƙaru bayan rasuwarsa a 1950, lokacin yaƙin cacar baka, da hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta zuba kuɗi a fim ɗin zane na 1954, aka kuma sauya ƙarshen labarin.