Abubuwan da ke Shafar Tsawon Rai Bayan Tiyatar Ciwon Dajin Huhu

Tiyata ita ce babbar hanyar warkar da ciwon dajin huhu idan an gano shi da wuri, musamman nau'in da ba na ƙananan ƙwayoyi ba, wanda ya kai kusan kashi 85 cikin ɗari na masu cutar. A shekarar 1933 ne likita Evarts Graham na Amurka ya fara samun nasarar cire huhu guda sukutum a tashi ɗaya, mara lafiyar kuma ya rayu shekaru da dama.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne matakin da cutar ta kai. Likitoci suna auna shi da tsarin TNM: girman ƙarin, ko ya kama kaluluwa, da ko ya bazu zuwa wasu gaɓoɓi; daga nan ake sanya cutar a mataki na ɗaya zuwa na huɗu. Waɗanda aka yi wa aiki ƙarin yana ƙarami, bai taɓa kaluluwa ba, akasarinsu sukan wuce shekara 5. Da zarar ya kai kaluluwar tsakiyar ƙirji, waɗanda ke kai wannan wa'adi ba sa kai rabi. Shi ya sa likitan fiɗa ba ya tsayawa ga ƙarin kaɗai, sai ya ciro kaluluwar an duba. Idan kuma an tarar da ɓurɓushin cutar a bakin yankan, haɗarin dawowarta ya ƙaru.

Yawan naman da aka cire ma yana da tasiri. Huhun dama ɓangare uku ne, na hagu biyu, kuma cire ɓangare ɗaya shi ne aikin da aka saba. Cire huhu gaba ɗaya ya fi haɗari, musamman na dama.

Sai ƙarfin jikin mara lafiya. Kafin aiki akan gwada numfashinsa da zuciyarsa, domin huhun da ya rage shi zai ɗauki nauyin duka. Taba sigari kuwa babbar illa ce: tana janyo namoniya bayan aiki, tana kuma iya haifar da sabon ƙari.

Ga wanda cutarsa ta kai mataki na biyu ko na uku, ba da maganin kashe ƙwayoyin daji mai sinadarin sisfilatin bayan tiyata yana ɗaga adadin masu kai shekara 5 da kusan kashi 5 cikin ɗari. Tun 2020 akwai maganin osimertinib da ake bayarwa bayan tiyata ga waɗanda ƙarinsu ke da sauyi a wata ƙwayar halitta da ake kira EGFR. Cutar ta fi dawowa a shekaru 2 na farko, don haka a lokacin akan yi hoton CT kowane wata 6.