Me ya sa kayan gyaran jirgin ceto ba sa samuwa kamar na injin ban ruwa?

A daminar 2022, lokacin da ambaliya ta ci garuruwa a yankin Ringim da Auyo, na ji wani dattijo a bakin ruwa, yana riƙe da ƙullin kayansa a ka, yana tambaya: "Wai ina jiragen nan masu saukar ungulu?" Wani matashi ya ce, "Baba, ai jirgi kan yi watanni a ajiye yana jiran kayan gyara." Dattijon ya riƙe baki. Shi a saninsa, in injin ban ruwa ya lalace, mutum ya hau mota zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, kafin magariba ya dawo da abin da yake nema, sabo ko na hannu.

To, a harkar jirgin soja doka ce ta toshe wannan hanyar.

Mu ɗauki Pave Hawk, jirgin ceto na sojan saman Amurka. Asalinsa Black Hawk ne na kamfanin Sikorsky, wanda ya fara tashi a 1974, ya shiga aikin soja a 1979. Daga baya aka ƙara masa bututun shan mai a sararin sama da na'urar jawo mutum da igiya, don ɗauko matuƙan da aka harbo jiragensu. Ya yi aiki a ambaliyar Mozambik a 2000, da bayan guguwar Katrina a 2005. Aikinsa ceton rai ne, amma a idon dokar Amurka kayan yaƙi ne.

Dokar ita ce ta ƙayyade fitar da makamai ta 1976, kuma ƙa'idojin da ake kira ITAR daga cikinta suka fito. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ce ke riƙe da su. A taƙaice, sassan da aka ƙera musamman domin irin wannan jirgi ba sa barin ƙasar sai da lasisi, mai saye kuma sai ya sa hannu cewa shi zai yi amfani da su. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, ko ka biya kuɗinka, ba ka da ikon sayar wa wani ko ba shi kyauta sai Amurka ta yarda. Mun gani a 2014, da ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jirage samfurin Cobra. Waɗancan na kai hari ne, amma igiya ɗaya ce ta ɗaure su da na ceto.

Nan gida ma akwai namu matakin: kayan soja ba sa shigowa sai da takardar shaidar mai amfani, daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Sai kuma ƙa'idar awoyi. Wasu sassa, kamar na farfela, kowane yana da lamba da katin da ake rubuta awoyin da ya yi a sama. Da wa'adinsa ya cika sai a cire shi, ko da yana ƙyalli kamar sabo, domin gajiyar ƙarfe ba a ganinta da ido lokacin da take farawa. Wanda katinsa ya ɓata ba a ɗaura shi. Wannan kam ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, tunda jirgi ba babur ba ne da za a faka a gefen hanya.

Inda raina ke ɓaci shi ne a yi bikin sayen jirgi ba a ce komai kan kayan gyaransa ba. In ɗan majalisarku ya zo gari, ku tambaye shi: kwangilar ta haɗa da kayan gyara na shekara nawa, kuma an riga an samu lasisinsu?