Taswirar gano inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake

Wannan wata hanya ce da masana ƙasa ke bi su haɗa hotunan tauraron ɗan adam da bayanan kwamfuta su zana taswira da za ta nuna inda ake kyautata zaton samun ruwa in an haƙa rijiya ko bohol, da kuma inda asarar kuɗi kawai za a yi. Shi fa tauraron ba ruwan yake gani ba, alamomi yake ɗaukowa daga saman ƙasa, mutane su yi lissafi.

Alamomin su ne irin dutsen da ke wajen, da gangaren ƙasa, da yawan ruwan sama, da hanyoyin rafuka, da irin ƙasar ko yashi ce mai shanye ruwa ko laka ko fako da ruwa ke bi ta kai ya wuce, sai kuma tsagar dutse wadda ke fitowa a hoto kamar dogon layi miƙaƙƙe. Wannan tsagar ita ce babbar magana a wurare irin su Kano da Kaduna da Zamfara da ke zaune kan tsohon dutse mai tauri, domin ruwan ba ya shimfiɗe ko'ina, yana maƙale ne a cikin tsaga da inda dutsen ya rube, shi ya sa za ka ga an samu ruwa a wani gida amma maƙwabci ya haƙa ya tarar da ƙura. A kwarin tafkin Chadi da na Sakkwato kuwa yashi ne hawa-hawa ke riƙe ruwan, lissafin daban ne.

Hotunan galibi daga tauraron Landsat ake samo su, wanda Amurka ta fara harbawa a 1972, da Sentinel-2 na Turai tun 2015, tsayin ƙasa kuma daga SRTM, wato awon tudu da kwarin duniya da aka yi daga sararin samaniya a shekarar 2000, duk kyauta a intanet. Sai a ɗora su ɗaya kan ɗaya a manhaja irin QGIS ko ArcGIS, a ba kowace alama maki gwargwadon nauyinta, yawanci da tsarin AHP na masani Thomas Saaty, wato hanyar kwatanta alamomi biyu-biyu a ga wadda ta fi muhimmanci. Nan ne raunin abin yake gaskiya, don mutum ne ke bayar da makin bisa ra'ayinsa, masana biyu na iya fitar da taswira biyu a wuri guda.

Hoto kaɗai kuma ba ya isa. A Turkana ta ƙasar Kenya an yi shelar gano makeken ruwa a ƙarƙashin filin Lotikipi a 2013 da taimakon hoton na'urar rada ta tauraron ɗan adam, aka yi ta murna, a 2015 gwaji ya nuna gishirinsa ya yi yawa ba ya shayuwa. Saboda haka ko taswira ta nuna wuri sai masu safiyo sun je sun kafa ƙarafa a ƙasa sun tura lantarki sun auna, sannan a gwada taswirar da boholan da aka riga aka haƙa a yankin kafin a kira motar haƙa.