Gajiyar Ma'aikacin Asibiti Ba Ragwanci Ba Ce

An daɗe ana cewa nas ko likitan da aiki ya fita daga ransa dama can rago ne. Wannan magana tana cutar da mutane, kuma ba gaskiya ba ce. A 1974 masanin halayyar ɗan'adam Herbert Freudenberger ya lura cewa cikin 'yan sa-kai na wani asibitin kyauta a New York, waɗanda suka fi sadaukarwa su ne suka fi saurin karyewa.

Abin dubawa shi ne abin da ke tura mutum. Wata nas tana tsayawa bakin gadon majinyaci tana gyara masa ƙarin ruwa don ta san amfanin hakan. Wata kuma tana karɓar aikin dare kwana uku a jere don tsoron kada a ce ta gaza. Daga nesa duk himma ce, amma ta biyun za ta koma gida barci ya ƙi zuwa, gobe ta fara yi wa majinyata magana sama-sama.

Ko ta farkon ma ba ta tsira ba idan ma'aikata sun yi ƙaranci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta wannan gajiya da matsin wurin aiki da aka kasa shawo kansa.