Sinadaran manne da ciwon lufus

Duk wanda ya taɓa ratsa gona da kaka a kewayen Damagaram ya san ƙarangiya: kana wucewa ta kama bakin wando, ka kakkaɓe, wata ta sake kamawa. Da ita na fara yi wa ƙanwata bayani ranar da ta dawo daga Jami'ar André Salifou da takardun darasin aikin lafiya a hannu, ta ce, "Yaya, mene ne waɗannan sinadaran manne da ake cewa suna da hannu a ciwon lufus?" Lufus ciwo ne da garkuwar jiki ke faɗa da jikin mai ita.

Sinadaran manne wasu furotin ne da ke zaune a saman ƙwayoyin halittar jiki, aikinsu riƙe ƙwaya da ƙwaya. Manyan gidajensu huɗu ne: kadirin, selektin, integirin, sai dangin da wasu sinadarai biyu masu suna ICAM-1 da VCAM-1 suka fito. Kadirin shi ke riƙe ginin jiki kamar yadda laka ke riƙe tubali, mu bar shi a nan. Sauran ukun ne suka shafi lufus.

Fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun jiki, suna cikin jini ana ta gudu da su. To yaya za su san inda za su sauka? Idan aka ji rauni ko cuta ta shiga, bangon jijiyar wurin sai ya fito da selektin. Shi ne ƙarangiyar. Yana kama farar ƙwaya ya saki, ya kama ya saki, har gudunta ya koma mirgina. Daga nan integirin da ke jikin ƙwayar ya farka, ya damƙi ICAM-1 ko VCAM-1 na bangon jijiya, riƙo irin na ƙaro. Ƙwayar ta tsaya cak, ta baje, ta kutsa tsakanin ƙwayoyin bango ta fita wajen nama. Wannan taron dakaru yana cikin abin da ke kawo kumburi da mugunya. Akwai jariran da ake haifa integirin ɗinsu bai aiki. Cibiyarsu kan daɗe ba ta faɗi ba, ciwo ya yi ta kama su ba tare da mugunya ba. Ke nan mannen nan rahama ce, na ce mata, kada ki ɗauke shi abokin gaba.

A lufus garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita. Tana ƙera makamai kan abin da ke cikin cibiyar ƙwayoyin jikin kansa, su dunƙule su zauna a ƙoda, fata da gaɓoɓi. Saƙon neman agaji bai yankewa, jijiyoyi su yi ta fito da manne, dakaru su yi ta sauka inda babu maƙiyi. Cikin masu ciwon goma, kusan tara mata ne, yawanci ƴan shekara 15 zuwa 45, kuma ya fi tsanani ga baƙar fata.

Ƙoda ita ce ta fi tayar mini da hankali, don ba ta kuka da wuri. An gano cewa idan lufus ya tashi a ƙoda, VCAM-1 yakan ƙaru a jini da fitsari, shi ya sa masana ke nazarin ko zai zama ma'aunin da zai rage buƙatar tsakuro naman ƙoda da allura. Har yanzu a fagen bincike yake. A 2008 kuma aka nuna cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna ITGAM, wadda ke ƙera ɓangaren wani integirin, yana ƙara haɗarin kamuwa da lufus. Haɗari ne kawai. Da yawa na ɗauke da sauyin kuma lafiyarsu lau.

Sai rana. Haskenta na kashe ƙwayoyin fata ya kuma tayar da kumburi, manne ya ƙaru, tabon da lufus kan kawo a kumatu da karan hanci ya fito. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, gaya wa mace ta guji rana ba ƙaramar magana ba ce, musamman mai talla a Kasuwar Dole ko mai zuwa ɗiban ruwa. Malafa da laima da sauya lokacin fita su ne abin da ke hannunta.

Ta ce, "To Yaya, me zai hana a toshe mannen kawai?" An gwada a wasu cututtuka. Wani magani mai suna Natalizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2004, yana toshe wani integirin a wata cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, amma ya buɗe ƙofa ga wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa a wasu majinyata. A sikila ma, inda jini ke maƙalewa a bangon jijiya, an fito da maganin toshe selektin a 2019, Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2023. Don haka jigon maganin lufus na nan: haidiroksikulorokin, ɗan uwan Nivaquine da iyayenmu suka sani, da kortizon da magungunan lafar da garkuwa, duk a hannun lokotoro.

Abin da ke ci mini rai shi ne yarinya ta yi watanni da masassara da ciwon gaɓoɓi da zubar gashi, ana ta ba ta maganin sauro, wasu na cewa sammu ne, ƙoda kuwa tana lalacewa a ɓoye. Na ce wa ƙanwata ranar da irin wannan ta zauna gabanta, ta duba ƙafa ko ta kumbura, ta tambayi ko fitsari na kumfa, ta auna hawan jini, sannan ta sa a tsoma ƴar takardar gwajin furotin a fitsarin kafin yarinyar ta tashi.